Mazan jiyan Damagaram: a ceto takardunsu kafin gara ta gama da su

Malam Edita, assalamu alaikum.

Duk tsohon sojan da ya rasu a Birni ko Zango, unguwannin Damagaram, sai a yi sadakar uku da ta arba'in, a raba gado, a tura akwatin ƙarfensa ƙarƙashin gado. Alhali cikin akwatin nan tarihinsa yake: littafin soja, katin tsohon mayaƙi, lambobin yabo, wani lokaci har da jar dara. Waɗannan bayin Allah su ne Faransa ta kwasa zuwa yaƙin duniya na biyu, da Indoshin (yankin Vietnam) har 1954, da Aljeriya har 1962. Wasunsu ne suka zama tushen rundunar sojan Nijar a 1961.

Kiranmu ga iyalai shi ne a fara da lambar soja, wato lambar rajistar mamacin. A kwafe ta tare da shekarar ɗauka da wurin da aka ɗauke shi. Suna kaɗai ba ya kai mutum ko'ina, don magatakardan Nasara sun rubuta Mamman ɗaya ta hanya uku, ranar haihuwa kuwa sau da yawa kintace ce, "wajen 1920". Da lambar ake neman tarihin aikinsa a ma'ajiyar takardun soja ta garin Pau, a Faransa: bataliyarsa, inda ya yi yaƙi, raunin da ya ji.

Kada a manne tsohuwar takarda cikin roba da zafi. Tawada na lalacewa, kuma robar ba ta ɓantaruwa har abada. A ɗauki hoton kowane shafi da waya, a cire ƙusoshin da suka yi tsatsa, a sa cikin ambulan a ɗora sama, nesa da raɓar damina.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne fansho. Faransa ta daskarar da na sojojin Afirka, wato ta hana shi ƙaruwa, tun dokar 1959, ba a daidaita shi da na Faransawa ba sai 2011, kuma a lokacin wani ɓangare na ƙarin sai wanda ya rubuta ya nema. Matan mamatan da aka ɗaura aurensu a zaure ba takarda, sai sun bi ta kotu da shaidu tukuna. Da yawa sun gaji sun bari.

Muna roƙon ɗaliban tarihi na Jami'ar André Salifou da ke Damagaram su shiga unguwanni da na'urar ɗaukar murya, su zauna da iyayenmu mata da suka rage, su tambaye su ranar tafiyar mazajensu da ranar dawowarsu.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu.

Masu karanta jaridarku,
Birni, Damagaram