Wasiƙa daga Ann Arbor: kakar da Michigan ta ci wasa 15 a jere

Ann Arbor, Jihar Michigan,
30 ga Janairu, 2024.

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya tare da iyali, kuma Hajiya ta samu sauƙin ƙafar. A wasiƙarka ta baya ka tsokane ni cewa na yi watsi da ƙwallon ƙafa na koma kallon ƙattai suna turereniya a kan ƙwallo mai siffar gwanda, ka kuma tambayi dalilin da ya sa duk hotunan da nake turo maka shuɗi ne da rawaya. To ga amsarka: ƙungiyar ƙwallon ƙafa irin na Amurka ta jami'armu, Jami'ar Michigan, mai launin shuɗi da rawaya, ta buga wasa 15 a kakar da ta ƙare, ta ci duka, ta ɗauki kofin jami'o'in Amurka, wanda rabonta da shi tun 1997, a lokacin ma raba kambun aka yi tsakaninta da Nebraska.

Ƙa'idar wasan ba ta da wuya. Ana ba ƙungiya dama huɗu ta ci gaba da yadi goma, ko dai a jefa ƙwallon ga wani ya cafe, ko a danƙa wa mai gudu ya kutsa da ita. In ta cika yadi goman sai a sabunta mata dama, in ta kai ƙarshen fili ta samu maki shida. Yawancin ƙungiyoyin zamani sun fi son jifa saboda sauri da burgewa, amma Michigan a ƙarƙashin koci Jim Harbaugh ta dogara ne ga gudu, wato manyan ƙartin gaba su buɗe hanya, mai gudu ya bi, a maimaita har abokan karawa su galabaita. A ganina wannan haƙurin ne ya ɗauki kofin, shi da 'yan wasan da suka ƙi tafiya gasar ƙwararru suka zauna su ƙarasa aikin da suka kasa a 2021 da 2022, lokacin da jami'o'in Georgia sannan TCU suka fitar da su a wasan kusa da na ƙarshe. Babbansu shi ne Blake Corum, gajeren mai gudu da ya ji ciwo a gwiwa a ƙarshen 2022, ya dawo ya kai ƙwallo ƙarshen fili da gudu har sau 27 a kakar da ta ƙare.

Wasannin Satumba da Oktoba ba su da labari, domin ƙungiyar ta riƙa tattake duk wanda ta gamu da shi. Rigimar a wajen fili take. Jami'ar da kanta ta dakatar da Harbaugh daga wasanni uku na farko kan saɓa dokar neman 'yan wasa, sannan a Oktoba aka zargi wani ma'aikacin ƙungiyar, Connor Stalions, da sayen tikiti yana tura mutane su ɗauki bidiyon alamun hannu da kociyoyin wasu ƙungiyoyi ke yi wa 'yan wasansu. Gane alamar abokin karawa ana cikin wasa ba laifi ba ne, amma tura ɗan leƙen asiri tun kafin ranar haramun ne a dokar gasar. Stalions ya ajiye aiki, Harbaugh ya ce bai san da maganar ba, duk da haka hukumar Big Ten, gasar rukunin jami'o'in da Michigan ke ciki, ta hana shi tsayawa a bakin fili a wasanni uku mafi nauyi, kuma ta sanar da hukuncin ne ranar 10 ga Nuwamba, ƙungiyar na cikin jirgi za ta Penn State.

Washegari mataimakinsa Sherrone Moore ya riƙe ragama, ya kuma yi abin da har yanzu ake maganarsa: ya sa aka ruga da ƙwallo sau 32 a jere har wasa ya tashi. Kowa a filin ya san abin da za a yi, Penn State ma ta sani, ta kasa hanawa, aka tashi 24 da 15. Da 'yar jarida ta miƙa masa makirufo bayan wasan sai ya fashe da kuka a gaban talabijin. Mako na gaba suka ci Maryland, nasara ta 1,000 a tarihin ƙungiyar, adadin da babu jami'ar da ta riga ta kaiwa.

Wasan Ohio State na 25 ga Nuwamba na kalle shi da idona a filinmu, cikin mutum fiye da dubu 110 da sanyin da ke ratsa takalmi. Gabar da ke tsakanin jami'o'in biyu ta wuce shekara 100, kuma dukkansu sun zo babu wanda aka taɓa ci. A kashi na uku na wasan, Zak Zinter, ɗaya daga cikin ƙartin gaba, ya karye a ƙafa. Filin ya yi tsit, abokansa suka durƙusa, can sai jama'a suka fara kiran sunansa har aka fitar da shi a mota. Ana komawa wasa aka danƙa wa Corum ƙwallo, ya ruga yadi 22 ya ci, ya ɗaga yatsu yana nuna shida da biyar, lambar rigar Zinter. Wani dattijo Bature da ke gefena, wanda ko gaisawa ba mu yi ba, ya rungume ni yana hawaye. An tashi 30 da 24, bayan mai tsaronmu Rod Moore ya cafe jifan ƙarshe na Ohio State.

Iowa ba ta tsinana komai ba a wasan kofin Big Ten, 26 da nema. Wanda ya tayar mana da hankali shi ne na kusa da na ƙarshe da Alabama a Rose Bowl, can Kalifoniya, ranar 1 ga Janairu. Ana binmu maki bakwai saura 'yan mintuna, mai jefa ƙwallonmu J.J. McCarthy ya jagoranci hari mai tsawo ya farke, Corum ya ci a ƙarin lokaci, sannan masu tsaronmu suka danne Jalen Milroe, mai jefa ƙwallon Alabama, yadi kaɗan kafin layi. Wannan 27 da 20 shi ne wasan ƙarshe na kocin Alabama Nick Saban, wanda ya yi ritaya kwanaki kaɗan bayan haka. A wasan kofi a Houston ranar 8 ga wata, Michigan ta yi wa Washington gudun yadi 303, ta ci 34 da 13.

Na san za ka tambaye ni batun satar alamu, tunda kai ba ka barin magana a rufe. Ra'ayina shi ne an yi abin da bai dace ba, kuma magoya bayanmu da ke cewa hassada ce kawai suna yaudarar kansu. Sai dai duk manyan wasannin da na lissafa maka an ci su ne bayan asiri ya tonu, Stalions ya tafi, kowace ƙungiya ta samu damar sauya alamunta. Hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ba ta gama bincike ba, muna jiran hukuncinta.

Harbaugh ya karɓi aikin horar da ƙungiyar ƙwararru ta Los Angeles Chargers a makon jiya, aka naɗa Sherrone Moore a gurbinsa, baƙar fata na farko da ya zama cikakken kocin ƙungiyar. McCarthy da Corum duk sun tafi, ga ƙungiyar Jami'ar Texas za ta zo mana a Satumba, don haka kada ka sa ran irin wannan wasiƙar baɗi. Ka gaida Hajiya da yaran, ka kuma turo mini lambar rigar babban ɗanka.

Wassalam,
Amininka.