Gaisuwar Sallah daga Beljiyam, da labarin baraden Halen

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Baba da Inna da dukan mutan gida. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina yi muku barka da Sallah. An sha ruwa lafiya? Allah Ya karɓi ibadunmu, Ya maimaita mana. Ni ma lafiyata ƙalau, alhamdu lillahi. Mun yi Idi da safe a wani babban zaure da 'yan'uwa suka kama haya. Nan ba a ba da hutun Sallah, sai mutum ya nemi izini a wurin aiki, ni kuwa na nema an ba ni.

Baba, ba abin da ya fi damuna a ranar nan kamar rashin hawa. Ba tambari, ba algaita, ba ƙura. Shi ya sa da aka sauko Idi na bi wani dattijo maƙwabcina, ɗan ƙasar, wanda ya daɗe yana cewa tun da ni ɗan gidan doki ne, dole ya kai ni Halen. Ƙaramin gari ne a lardin Limburg, kusa da Diest, a bakin wani rafi mai suna Gete. Abin da na ji a can ya tsaya mini a rai, kuma na san kai ne za ka fi kowa gane shi.

Ran 4 ga Agusta, 1914, Jamus ta kutsa cikin Beljiyam don ta samu hanyar wucewa Faransa. Farkon Yaƙin Duniya na Ɗaya ke nan. Ran 12 ga watan, rundunar dawakin Jamus ƙarƙashin Janar von der Marwitz ta iso Halen tana neman ƙetare gadar Gete. Waɗanda ke tsare da wurin su ne baraden Beljiyam, shugabansu Janar Léon de Witte, tare da 'yan igwa kaɗan da wata bataliya ta sojoji masu hawa keke. Jamusawa sun fi su yawa nesa ba kusa ba.

To Baba, ga wurin da ya fi kama ni. Mahayan nan an horar da su ne a kan sukuwa da mashi da takobi, nan ne darajarsu take. Amma de Witte ya karɓi shawarar wasu matasan hafsoshinsa, ya ce kowa ya sauka daga kan dokinsa. Aka ja dawakai baya, mutane suka kwanta a gonaki da bayan shinge riƙe da bindigogi. Ka san yadda wannan umarni yake da nauyi a zuciyar barde: abokin gaba na gabanka a kan sirdi, kai kuma a ce ka zare ƙafa daga likkafa ka kwanta a ƙasa. Wallahi na daɗe ina juya abin a raina, kuma a ganina jarumtar ranar tana nan wurin.

Masu keken nan su suka fara tare gadar da safe, suka sha wuta ƙwarai kafin su ja baya. Da Jamusawa suka ƙetare, sai suka saki linzami. Mashinsu na ƙarfe ne, tsawonsa ya haura mita 3, ga kwalkwali yana walƙiya a rana. Suka yi ta kawo hari bi da bi, amma ƙasar ba ta sukuwa ba ce: hanyoyi ne masu zurfi kamar kwazazzabo, ga shingayen waya a gonaki, ga bindiga mai jigida tana jiransu. Doki ya faɗi, na baya ya yi tuntuɓe da shi. An gwabza sosai a wata gona da ake kira IJzerwinning. Bayan tsakar rana, dakarun ƙasa na Beljiyam suka iso bayan doguwar tafiya cikin zafi, da yamma kuma Jamusawa suka janye zuwa hayin rafin.

An rasa rayuka da yawa a kowane ɓangare, dawakai kuwa ɗaruruwa ne suka mutu. Mutanen gari suka tsinci kwalkwalayen Jamusawa warwatse a gonaki, daga nan aka sa wa yaƙin suna Yaƙin Kwalkwalin Azurfa. Akwai gidan tarihi a garin inda aka jera su. Na tsaya a gaban guda, ina duban tsinin da ke samansa da igiyar haɓa, ina tunanin saurayin da ya ɗaura shi da safen nan. Dawakan ma sun ba ni tausayi matuƙa, don ba su san Jamus ba, ba su san Beljiyam ba, ubangijinsu kawai suka bi.

Nasarar ba ta hana komai ba. Ran 20 ga Agusta Jamusawa suka shiga Brussels, sojan Sarki Albert na Ɗaya suka koma Antwerp. Duk da haka 'yan ƙasar suna alfahari da ranar har yau, shi kuwa de Witte daga baya aka ba shi sarauta aka liƙa sunan garin a jikin sunansa.

Ina tsaye a gonakin nan sai na tuna labarin Kwatarkwashi da kakan ba mu, yadda Waziri Ahmadu da baraden Kano suka afka wa bindigogin Turawa a 1903. Shekara 11 kacal ke tsakani. Na ba dattijon nan labarin, ya ce bai taɓa ji ba, ya roƙe ni in rubuta masa sunan wurin. Don Allah Baba, idan ƙanena ya zo, ka sake ba shi labarin tun daga farko ya ɗauki muryarka a waya ya turo mini, in fassara wa mutumin.

Na aiko da ɗan abin barka da Sallah ta hannun Yaya. A ba Inna nata, a raba wa yara, ragowar a sayi harawa da dussa, a kuma gyara majayin sirdin nan kafin Babbar Sallah. A turo mini hotunan hawa. A gaida Kawu da Gwaggo, da liman, da duk maƙwabta. Inna, ki ci gaba da sa ni a addu'a.

Wassalam,
Ɗanku da ke Beljiyam.