Rahoton Ayyukan Shekara: Ceton Kayan Tarihi a Bakin Gulbin Maraɗi

Assalamu alaikum iyayenmu, ƴan uwa mambobi maza da mata.

Aikinmu na bana kusan dukansa a fadamar gulbi ya ƙare, kuma da gangan muka yi haka. A nan tsohon garin Maraɗi na Katsinawa yake kafin ambaliyar 1945 ta tashe shi, jama'a suka hau tudu. Yanzu masu yin tubali da masu ɗibar rairayi suna cin wurin kullum, damina kuma tana zaftare gaɓa. Abin da ba a tsince ba bana, baɗi babu shi.

Ba mu buɗe sabon rami ko ɗaya ba. Dokar ƙasa mai lamba 97-022 ta 1997 ta kare kayan tarihi, haƙa kuma sai da izinin hukuma da idon masana irin na IRSH, cibiyar binciken tarihi da zamantakewa ta Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai. Namu shi ne bin ƙasar da wasu suka riga suka tono, mu rairaye ta.

Rairayar nan ce ta fi cin ƙarfinmu, ita ce kuma ta fi amfani. Mutum biyu kan rariya, ɗaya na zubawa da bokiti, ɗaya na tsinta. Mun fara da rariya mai manyan ido, tana tare tsingaro da kashin maƙera. Da mata suka ba da shawarar a sake bi da mai ƙananan ido irin ta tankaɗe, sai ga ƴan duwatsun wuya, wuri, da guntayen lofe, a cikin ƙasar da muka ɗauka mun gama da ita. Allah ya saka wa iyayenmu mata da alheri. Kowane tsinto yana shiga leda da takardarsa: wane rami, wane zurfi, wace rana. Tsingaron da ba a san inda ya fito ba, ba ya gaya wa masani komai.

Mun kai ziyara wasu makarantu da tsingaro a hannu, yara sun taɓa sun yi tambayoyi.

Abin da ke damunmu shi ne dillalai da suka fara zagaya masu tubali suna tambayar tukwane. Mun san abin da ya sami Bura, wurin tsofaffin makabartu masu tukwane a yankin Tera: an gano wurin a 1975, masanin kayan tarihi Boubé Gado ya yi haƙa a 1983, daga baya masu tonon sata suka wawashe makabartun. Shi ya sa muke zama da masu tubali, muna roƙonsu su kira mu kafin su fasa abin da suka ci karo da shi. Wasu sun fara kira.

Baɗi muna buƙatar sabbin rariyoyi, ɗakin ajiya mai kulle, da matasan da za su koyi cika takarda. Wanda bai biya kuɗin shekara ba, ya ga ma'aji kafin taro mai zuwa.

Wassalam,
Sakataren ƙungiya