Babana, kafin ka ƙarar da kuɗinka a kwalaben nan

Assalamu alaikum Babana, ya karatu ya sanyi. Mu nan Alhamdulillah kowa lafiya, hunturu ya fara busawa har ƙafafun ƙannenka sun fara faso, amma nasan namu wasa ne in aka haɗa da na Manchesta.

Naga hoton da ka turo na kwalaben da ka jera a teburi wai duk na ƙara garkuwar jiki ne saboda murar da taƙi sakinka. Na so inyi maka saƙon murya sai nace maganar zata bi ta bayan kunnenka, gara in rubuta ko ka dawo ka sake karantawa, don wlh aikin jinyar da nayi ya nuna min irin kuɗin da mutane ke zubarwa a abinda tukunyar gida zata yi musu.

A cikinsu duka guda ɗaya ce na yarda da ita ba gardama, ta bitamin D. Wannan fata ce ke haɗa shi in rana ta taɓa ta, mu nan rana har ta ishe mu shi yasa baka taɓa jin nayi maganarsa ba, amma kai da kace min a Disamba kafin ƙarfe huɗu anyi magariba, kuma ka fita cikin rigar sanyi da hula da safar hannu, ina fatar zata ga rana? Hukumar lafiyarsu ta NHS da kanta tace daga Oktoba zuwa farkon Maris ranar ƙasar bata da ƙarfin da jiki zai haɗa isasshe, kowa ya riƙa shan maikirogiram 10 a kullum, masu baƙar fata irin mu kuma tace gara su sha duk shekara. Kar ka wuce 100 a rana don yawansa yana tara kalsiyam ya taɓa ƙoda. Ka sha shi bayan cin abinci mai ɗan maiƙo, sannan ka juya bayan kwalbar ka duba ɓawon kafson, wasu da jelatin na alade ake yinsu, akwai na halal a kemis in ka tambaya.

Toh sauran kuwa sai ka saurare ni. Sanyi shi kaɗai baya sa mura kamar yadda muka taso ana faɗa mana, ƙwayar bairos ce, kuma tafi samun dama lokacin sanyi saboda kowa ya kulle taga ya kunna hita, kun cunkushe a bas da ajin karatu kuna shaƙar numfashin juna. Abinda zai tare ta garkuwar jikinka ce, kuma babban kaso na sojojin garkuwar nan a bangon hanji suke zaune tare da tiriliyoyin ƙwayoyin bakteriya masu amfani. Su waɗannan ƙwayoyin abincinsu shine abinda cikinka baya iya narkarwa, dusar hatsi, ɓawon wake, zaren ganye, wanda ake kira faiba, in suka ci sai su fitar da wasu sinadarai irin butiret da ke ciyar da bangon hanjin ya riƙe ƙarfinsa. Kaga kenan kwalbar ƙwayoyin hanjin da ka saya kamar mutum ne ya sayo tumaki ya zuba a garke bai tanadi harawa ba, kana haɗiyarsu da safe, da rana ka bi su da farin biredi da shayi, da dare Indomie ko fiza, me zasu ci?

A can Ingila giram 30 na faiba suke so babba ya samu a rana, kuma yawancinsu basa kaiwa. Kai da kake gida kana samu ba tare da ka sani ba, tuwon dawa da miyar kuka, ɗan wake, kwaɗon zogale da rama, fura, alale, garau-garau. Yanzu sai ka nema da kanka, kuma ba tsada ne da shi ba. Waken gwangwani yana cikin mafi arha a kantunansu, ga ot irin na Quaker kayi kununsa da safe ka yanka ayaba ko tuffa da ɓawonta, biredi ka koma na alkama mai dusa, kabeji da karas da albasa da dankalin Hausa duk akwai. Ranar Asabar ka daure kaje Moston Lane ko Cheetham Hill shagunan 'yan Afirka da 'yan Asiya ka sayo kuka da kuɓewa da daddawa kayi miya da yawa ka raba a robobi ka sa a firiza, nasan na koya maka kar kace min ka manta. Amma ka ƙara a hankali kana shan ruwa sosai, in ka afka wa wake lokaci ɗaya cikinka zai kumbura kayi ta fama a cikin mutane.

Sai kayan tsami. Kamu da daddawa suna da amfaninsu amma dafa su ake yi, wuta ta kashe yawancin ƙwayoyin, wanda ke isa ciki da rai shine irin kindirmo da nono. Madadinsu a can yogot marar suga, ka duba wanda aka rubuta yana da ƙwayoyi masu rai, ko kefir da ɗanɗanonsa ke kusa da nonon Fulani. A 2021 masu bincike a jami'ar Stanford ta Amurka sun raba mutum 36 gida biyu na sati 10, waɗanda suka yawaita cin irin wannan abincin sai nau'o'in ƙwayoyin hanjinsu suka ƙaru, sinadarai 19 masu nuna kumburi a jini suka ragu. Mutum 36 ba yawa bane kuma ba mura suka auna ba, don haka bance maka magani bane, amma kofi ɗaya a rana abinci ne dai, ko bai hana mura ba ka ƙoshi.

Bitamin C ɗinka mai miligiram 1000 kuwa, da aka tattara binciken shekaru aka duba an gano baya hana yawancin mutane kamuwa, abinda yake yi ga mai shansa kullum shine rage tsawon murar da kusan kashi 8 cikin 100, ko kwana ɗaya bai cika ba. Miligiram 40 suka ce babba na buƙata a rana, lemu ɗaya ya biya, rarar fitsari take bi, in yayi yawa ma zawo zai saka. Ekinasiya, maganin ganyen nan da ake sha don mura, ita ma hujjarta rauni ne da ita. Abinda ya bani dariya garin 'ya'yan kukar nan da ka saya a 'yar leda mai sheƙi, tun 2008 Turai ta amince a riƙa sayar da shi, wai abincin ban mamaki, wanda muke dama kwalba da nono da shi kana ƙarami kana yatsina fuska. Shi dai yana da faiba da bitamin C da gaske, ka shanye abinka a yogot.

Wanda ke ɗaga min hankali shine tunanin cewa abu in ganye ne baya illa. Kurkum a miya daban, kurkum da aka tace aka matse a kafso daban, an samu waɗanda ya taɓa musu hanta. Ashwagandha ɗin da samari ke yayi Denmak ta hana sayar da ita a 2023. Akwai wani St John's wort da suke sha don ƙuncin zuciyar lokacin sanyi, yana lalata aikin magunguna da yawa, kar ka kusance shi sai da likita. In dole sai ka sayi maganin ganye ka nemi mai tambarin THR a kwali, shine hukumar magungunansu ta yiwa rajista. Habbatus sauda da zuma mun san matsayinsu, ka ci gaba daidai misali, zuma ma su kansu likitocin can ita suke cewa a fara da ita in tari ya kama mutum, ka dafa citta da kanunfari da lemun tsami ka zuba cokali ɗaya.

Dan Allah kar ka karɓi antibayotik a hannun abokai don mura, baya kashe bairos, ƙwayoyin hanjin da muke ta lallaɓawa su yake sharewa. Ka rage raba dare a waya, mai baccin da bai kai awa 6 ba yafi saurin kamuwa, ka riƙa wanke hannu da sabulu in ka sauka daga bas, ka tambayi kemis allurar rigakafin mura mai tsanani. Kuma kayi rajista da likitan unguwa, fam 776 na lafiya da Abbanku ya biya tare da biza ba sadaka ya bayar ba. In tari ya wuce sati 3, ko numfashi na maka wuya, ko ƙirji na ciwo, ka kira 111, lambar neman taimako ta NHS, kar ka tsaya dafa citta.

Maganar kilishi da ka roƙi yayarka a aiko maka, ka haƙura, dokarsu ta hana shiga da nama da kayan madara daga nan, kar mu jawo wa mai ɗauka matsala a filin jirgi. Abbanku da Hajiya da yara duk suna gaishe ka, Allah ya yi maka albarka ya baka lafiya da sa'ar jarabawa.

Mamanka