Wasiƙa zuwa Kumasi kan batun yaƙi da Nijar

Katsina,
14 ga Agusta, 2023.

Assalamu alaikum, Malam.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Ya Kumasi, ya kasuwa? Mu nan alhamdu lillahi, sai dai tsadar da janye tallafin mai ta jawo.

Saƙonka ya iso. Ka ce in aka bar Janar Tchiani, wanda ya yi juyin mulki a Nijar, ya ci bulus, bayan abin da ya faru a Mali da Gini da Burkina Faso, gobe kowane mai kaki zai ɗauki fadar shugaban ƙasa ganima. Ban musa ba. Zaɓen Shugaba Bazoum aka yi a 2021, kuma Tchiani, wanda aka damƙa wa amanar tsaronsa, shi ya kulle shi ran 26 ga Yuli. Cin amana ne. Inda muka rabu da kai shi ne misalin Gambiya da ka kawo don nuna cewa ya kamata ECOWAS, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta tura sojoji Nijar.

A 2017 Shugaba Jammeh, da ya ƙi sauka bayan ya faɗi zaɓe, ya ga sojojin Senegal sun tsallako, nasa ba su da niyyar faɗa, sai ya hau jirgi ya bar ƙasar. Gambiya kuwa 'yar siririya ce, Senegal ta kewaye ta. Nijar ta fi Najeriya faɗin ƙasa, rundunar sojanta ta bi bayan masu juyin mulkin, Mali da Burkina Faso kuma sun ce duk wanda ya taɓa Nijar su ya taɓa. Ga Bazoum a hannunsu, shi da matarsa da ɗansa. Mu ɗauka an kutsa Yamai an yi galaba. Wa ya ba ka tabbacin za a same shi da rai? In an mai da shi kan kujera, sojojin wa za su tsare shi, kuma har shekara nawa?

Ka tuna ECOMOG, rundunar sojan ECOWAS. A 1990 aka shiga Laberiya, sai 1997 aka kai ga zaɓe, Najeriya ce ta ɗauki mafi yawan nauyin sojoji da kuɗi. A Saliyo an mai da Shugaba Kabbah mulki a 1998, shekara ba ta cika ba 'yan tawaye suka sake faɗa wa Firitawun. Lokacin fa ba Boko Haram, ba 'yan bindiga. Yau a ƙauyukan Batsari da Safana manomi sai ya biya kuɗi kafin a bar shi ya shiga gonarsa. Sojan da bai ishe mu a nan ba, shi za a kwasa a kai Yamai?

Abin da ya fi ci mini rai, Malam, shi ne masu cewa wai yaƙin ƙasar waje ne. Jihohi 7 ke iyaka da Nijar, daga Kebbi har Borno, tsawon kilomita kusan 1,500. Sarkin Maraɗi har yau Sarkin Katsina ake ce masa. Gwaggona can take aure. Shekaranjiya ta ce mini tun da Najeriya ta yanke wuta, mai markaɗen unguwarsu ya daina aiki, sun koma turmi. A Jibiya manyan motoci sun yi jerin gwano tun da aka rufe boda, direbobi na kwana a ƙarƙashinsu, kaya na lalacewa. Duk wannan ko harsashi ɗaya ba a harba ba. Mutanenmu da suka gudu Diffa da Maraɗi neman mafaka, ina za su nufa in wuta ta tashi can ma?

Shi ya sa na ji daɗi da Majalisar Dattawa ta ce wa Tinubu ran 5 ga wata ya bi hanyar sulhu. Tawagar Janar Abdulsalami da Sarkin Musulmi ba ta samu ganin Tchiani ba, amma Sanusi ya gan shi, malamanmu ma sun gan shi. Ƙofa ba ta rufe ba ke nan. A matsa wa sojojin su saki Bazoum, su tsai da ranar zaɓe, takunkumi kuma ya hau kansu da dukiyarsu, a sakar wa talaka wuta da magani.

Na ji a Akara hafsoshin ECOWAS za su zauna. Rubuto mini abin da mutanen zango ke cewa, musamman masu kawo albasa daga Nijar. Ka gai da Hajiya da kyau, Allah ya ƙara mata lafiya.

Wassalam,
Abokinka na Katsina.