Godiya ga garejin da ya bar ni na gyara ɓarnata da hannuna

Assalamu alaikum.

Zuwa ga maigidan garejin nan na unguwar Bukoki, mai bishiyar dogon yaro biyu a bakin ƙofa, da yaransa baki ɗaya. Ranar da na ce zan rubuta wannan takarda, cewa kuka yi, "Mushe, bar shi kawai, ai aikinmu ne." To, rabin maganarku na ɗauka. Suna na bari, amma godiya sai na yi ta kowa ya ji.

Ni malamin makaranta ne, kullum sai na ƙetare gadar Kennedy zuwa Harobanda da tsohuwar Toyota Corolla tawa ƙirar 2005. Ranar Yamai ta gama cinye bolan ɗinta, wato abin da ƴan'uwanmu na Nijeriya ke kira sitiyari. Robarsa ta ɓare, in ka riƙe sai baƙi ya manne maka a tafin hannu kamar ka taɓa gindin tukunya. A watan Afrilu kuwa sai na naɗa hankici kafin in iya kama shi. Wata rana a kasuwar Katako na ci karo da bolan na irin motata, mai fata, har da maɓallan rediyo a gefe. Muka yi ciniki na biya. A hanya na ce wa kaina kuɗin aiki ba zai shiga aljihun kowa ba, tunda akwai YouTube.

Kuma ba laifi, na yi karatun. Ranar Lahadi bayan la'asar na cire wayar batir ta ɓangaren baƙi, na jira fiye da daƙiƙa 90 ɗin da Toyota ke cewa a jira, don wutar da ta rage a na'urar balan-balan ɗin kariya ta tsiyaye. Na kwance kusoshi biyu masu kan tauraro da ke gefe da gefe, na zare haɗin waya mai ruwan ɗorawa, na ajiye balan-balan ɗin fuskarsa sama kamar yadda aka koyar. Babban notin tsakiya na sassauta shi da kile mai lamba 19, ban cire shi duka ba sai da bolan ya saki, don kada ya fizgo ya fasa mini baki. Har nan ina jin kaina wani injiniya.

Abu biyu suka kayar da ni. Na ajiye motar tayoyinta a karkace saboda in samu inuwa, ban miƙe su ba kafin in fara. Sannan da aka kira magariba na bar aikin a buɗe, ashe autana ɗan shekara shida ya shiga ya tarar da wani faifai a bayan mazaunin bolan yana juyawa, ya mai da shi abin wasa. Da na dawo na ɗora sabon bolan na ɗaure, na kunna mota, komai lafiya. Har hoto na aika wa abokai.

Washegari ina ja da baya zan fita daga gida, na murɗa bolan har ƙarshe, sai na ji ƙas, kamar an karya tsinken tsintsiya. Wata jar fitila ta kama a gabana. Ban fahimci girman abin ba sai a kan gada, inda wani ɗan kabu-kabu ya yanko gabana, na danna oda, shiru. Na sake dannawa da ƙarfi, shiru. Wanda ya san Yamai da safe, tsakanin taksi da babura da kurar jaki da raƙumi mai ɗauke da tabarmi, ya san cewa direba marar oda bebe ne a tsakiyar kasuwa. Hannu na fitar ta taga ina dukan ƙofa ina "kai! kai!"

Da kunya na shigo garejinku da yamma. Na riga na shirya shan ba'a, don na san abin da makanikai ke cewa game da irinmu masu ɗanyen ilimin salula. Ku kuwa kuka saurare ni har na kai aya, kuka tambaya, "Da ka cire, tayoyin a miƙe suke?" Na yi shiru. Kuka yi murmushi kawai, kuka ce wa yaro ya kawo mini kujera da shayi.

Daga nan ne abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru. Kuka miƙo mini kile kuka ce, "Kai ka fara, kai za ka ƙarasa. Ni zan tsaya." Na sake kwance bolan ɗin a gabanku, hannuna na rawa. Kuka ɓalle faifan nan da ya lalace kuka nuna mini cikinsa: wata siririyar waya ce mai faɗi kamar zaren kaset, naɗe a ciki, ita ke kai wuta ga oda da balan-balan alhali bolan na juyawa. Tsawonta bai wuce juyi biyar ba gaba ɗaya, shi ya sa dole ta kasance a tsakiya daidai lokacin da tayoyi ke miƙe. Autana ya riga ya kai ta kusa da ƙarshe, ni kuma na ƙarasa ta da murɗa ɗaya. Da aka kawo wani faifan, kuka ɗora yatsana a kai kuka sa na juya shi hagu a hankali har ya yi tauri, sannan na dawo da shi juyi biyu da rabi, alamomin nan biyu suka haɗu. Noti kuma ba da ƙarfin tuwo aka ɗaure ba, kile mai awo kuka ɗauko kuka saita a kan 50, na ja har ya ce ƙyat. Mutum nawa ne a garin nan zai buɗe wa baƙo sirrin abincinsa haka?

Sai maganar jar fitila. Faifan da za a samu mai kyau ya fi ƙarfin abin da ke aljihuna ranar, sai na kawo shawarar da na sha ji a bakin mutane: a gyara oda ta wata hanya, fitilar kuma a cire ƙwanta ta daina damuna. Nan ne kaɗai na ga fuskarku ta canja. Kuka ce fitilar ba ƙarya take yi ba, tana faɗin cewa in aka yi karo balan-balan ba zai buɗe ba, kuma ku ba za ku rufe mata baki ba ko da jikka nawa zan bayar. Kuka aika yaro da babur ya nemo faifan, kuka ce in cika sauran kuɗin in albashi ya shigo. Ba takarda, ba jingina. Alhaji, wannan rana ce ta farko da kuka taɓa ganina.

Ba ku ɓoye mini ba kuma cewa maɓallan rediyon nan da suka ruɗe ni a Katako ado ne kawai a motata, domin rediyon da ke ciki ba na asali ba ne, ba ya jin maganarsu. Wani da ya karɓi kuɗi ya yi ta haɗe-haɗen waya har mako guda. Na ji haushi kaɗan, amma haushin kaina.

Yaronku ƙarami ma ya cancanci a ambace shi, wanda ya riƙe mini tocila har bayan isha'i, yana tara kusoshi a cikin murfin gwangwanin madara don kada ɗaya ya faɗa rairayi. Na ba shi na goro, sai da ya dubi fuskarku kafin ya karɓa.

Yau wata biyu ke nan. Bolan a miƙe yake, fitila na kamawa in na kunna mota ta mutu bayan ƴan daƙiƙu kamar yadda ya kamata, oda kuwa har maƙwabta sun fara ƙorafi. Bashin na biya ranar 28 ga wata. Allah ya ƙara buɗi, ya albarkaci zuri'a, ya tsare hannuwanku daga sharrin ƙarfe. Tsohon bolan ɗin da na manta a ƙarƙashin bencinku, ku bar wa yara su koyi kwancewa da shi. Autana kuma yana gaishe ku, ko da yake har yanzu cewa yake ba shi ba ne.

Naku,
Wani malamin makaranta,
Bukoki, Yamai.