Wasiƙa daga Kano bayan Babbar Sallah

Assalamu alaikum mutumina,

Barka da sallah, da fatan an yi sallah lafiya. Ya Madam da yara, ya karatu, ya ruwan saman Kuala Lumpur ɗin naku da ba ya hutawa? Na ce bari in zauna in rubuto maka da tsawo tun ina gida, in na koma Birmingham duti ba zai bar ni ba.

Ka san dai yadda sallarmu take a can, a yi idi a Small Heath Park in sama ta yarda, ka biya kuɗin layya ta intanet, rago ko hotonsa ba ka gani ba, da yamma kana asibiti kan aiki. To bana, 2025, na riƙe ƙafar rago da hannuna, aka yi fiɗa a tsakar gida aka rataye, washegari Hajiya ta sa aka ɗora kaskon suya, hayaƙin itace da ƙamshin kayan ciki suka cika unguwa, yara na ta shigowa da sabbin ɗinki ana ba su goron sallah. Rago kuwa ya yi tsada, a kasuwa kowa cewa yake Nijar ce ta hana fitar da dabbobi, gidaje da yawa a layinmu ba su yanka ba, wasu karo-karo suka yi suka sayi bijimi. Hawa ma babu, ba Daushe ba Nassarawa, 'yan sanda sun hana saboda rigimar masarautar nan da ake yi tun 2024, ga shi kuma a Disamban shekarar UNESCO ta sa hawan Kano cikin al'adun duniya. Abin ya ba ni haushi wallahi, yarana na so su ga dawakai.

Maganar kuɗi kam ka shirya. A sallar nan ta 2025 fam ɗaya ya haura naira 2,000, kowa ya san lissafin, ba wanda ya san kuɗin haya da na gas da haraji. Amma ni na daina jin zafin masu neman taimako, litar fetur da muka bari ƙasa da 200 kafin cire tallafi a 2023 ga shi a 2025 ta haura 800, wanda ya ce maka a taimaka ba ƙarya yake ba.

Abin da ya sa na rubuto maka dai ba wannan ba ne. Yawon da na fi yi ba na barka da sallah ba ne, na ta'aziyya ne. Yaya ya ɗauke ni gida-gida, daga Fagge mu shiga cikin gari mu fita Gyaɗi-gyaɗi, duk rasuwar da aka yi da muka tura "Allah ya jiƙansa" a WhatsApp muka ci gaba da harkarmu, sai da na zauna a tabarmar gidan na ga kujerar mutum ba kowa sannan ta zame min rasuwa. Malaminmu na allo ma ya tafi, ɗansa ne a zauren yanzu.

Sai Hajiya. A waya kullum lafiya lau, ta gyara ɗankwali ta yi ta dariya, ashe a zaune take sallah, gwiwa ta ƙi, kuma ta hana kowa faɗa min wai kar hankalina ya tashi. Na je gaida Mamarka ma, ta riƙe hannuna tana tambayar yaushe za ka gama, ita ma fa jikin sai a hankali, ban ce maka ciwo take ba, tsufa ne. Na san tikiti da iyali ba wasa ba ne, amma ko kai kaɗai ne ka lallaɓa ka zo ƙaramar sallah, kar ka ce sai ka kare digirin.

Mama ta ba ni dambun nama da yaji in aika maka, in ka san mai tahowa wajenku ka turo min lambarsa kafin in tashi. Ka gaida Madam, ka shafa min kan yara.

Naka,
abokinka na Fagge